Riruwai, Garin Kuza

Mu nan ƙasar Gwarzo da Kabo arzikinmu a gona yake, watau gero da dawa da gyaɗa. Amma akwai wani gari a ƙasar Kano wanda ya yi suna don abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Sunansa Riruwai.

Riruwai tana can ƙarshen kudu, cikin ƙaramar hukumar Doguwa. Nisanta daga birnin Kano ya fi mil 100. Mai zuwa can sai ya bi hanyar Jos, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma tasu duwatsu ne dogaye. Ruwan sama kuma ya fi namu yawa.

Cikin duwatsun nan kuza take. Ruwan damina shi ke zaizayo ta, ya tara ta a ƙoramu. Kuza baƙa ce kamar yashi, amma ta fi yashi nauyi. In aka ɗebo ƙasa a ƙwarya ana wankewa, sai yashi ya bi ruwa, kuza ta kwanta a ƙasa. In an narka ta da gawayi sai a sami farar dalma. Da ita ake shafe gwangwanin madara don kada ya yi tsatsa.

Tun Turawa ba su zo ba mutanen Riruwai sun iya wannan aiki. Sukan narka kuza, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinken tsintsiya, fatake su kai kasuwanni masu nisa. Waɗansunsu kuma suka tashi suka kafa Riruwain Dalma a ƙasar Bauchi.

Labarin dalmar nan shi ya jawo Turawan Kamfanin Neja. A 1902 suka aiko masu bincike, har suka gano kuza mai yawa a duwatsun Jos. Kamfanoni suka kama wuraren haƙa, sana'ar masu narka kuza ta gargajiya ta mutu. Masu sana'ar kansu suka koma leburori.

A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, Japan ta kame ƙasar Malaya inda Ingila ke samun kuza. Sai aka shiga ɗibar mutane tilas daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos. Wannan shi ake kira ɗiban gwamna. Mutane da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta.

Daga baya aka haƙa rami mai zurfi cikin dutse a Riruwai, aka kawo injuna, baƙi suka cika gari. Amma kuɗin kuza ba a Riruwai ake yanka shi ba, a London ne. A 1985 kuɗin ya faɗi warwas. Aikin kamfani ya tsaya, baƙi suka watse, aka bar ramuka. Wanda ya riƙe gonarsa shi ya sami abin ci.

To, jama'a, kun ga abin lura. In saurayi ya ce zai tafi haƙar ma'adini, kada mu bari ya sayar da gonar gado. Ya tafi da rani, ya komo da damina. Ya kuma koyi karatu da lissafi tukuna, don ya duba sikeli da idonsa, ya karanta takarda kafin ya sa hannu.

Tambayoyi
1. A wace ƙaramar hukuma Riruwai take?
2. Yaya ake raba kuza da yashi?
3. Me ya faru a 1985?