Allura Da Zare Suna Ƙara Wa Littafi Kwana

Duk wanda yake da ɗa a makaranta ya san wannan labari. A farkon shekara uba ya sayar da gero ko ɗan akuya, ya sayo littafin karatu sabo ful. Kafin damina ta fita bango ya rabu da ciki, shafin farko ya ɓace, na ƙarshe kuma ƙane ya yage. Shekara ta kewayo, ƙanen ya shiga ajin, sai a sake sayen littafin nan dai. Haka abin yake a Dandin Mahe, haka yake a Boɗinga da Shagari da sauran garuruwanmu. Tun 1976, sa'ad da gwamnati ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, littattafan boko suka shiga gidaje da yawa, amma sanin gyaransu bai biyo su ba.

Abin da kakanni suka sani

Abin mamaki, wannan yanki ba baƙon littafi ba ne. Daga wajen 1810 zuwa 1815 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga, suna koyarwa suna rubutu. Takarda a zamanin nan tsada gare ta ƙwarai, domin galibi daga Italiya take zuwa, ta bi ta Tarabulus, raƙuma su ƙetaro hamada da ita. In ka ɗaga irinta wajen haske sai ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta.

Malaman da ba su ɗinke littafi. Warƙa warƙa suke barinsa, sai su rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin wanda ya gabata, don kada su cuɗe. Sa'an nan baduku ya yi masa tadarishi, watau bango mai tauri na fata da igiyar ɗaurewa, a sa shi cikin gafaka a rataye nesa da ƙasa. Da wannan dabara littattafai suka yi shekara 200 ana karanta su. Akwai irinsu da yawa a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Har wa yau, fatar jar akuyarmu, wadda majema suke jemewa da bagaruwa a rina ta da karan dafi, ta yi suna wajen masu haɗa littafi a Turai. Da can sukan kira ta fatar Maroko, saboda ta can fatake suke bi da ita. A 1901 wani gwanin haɗa littafi na Ingila, Douglas Cockerell, ya rubuta cewa fatar akuya ta ƙasar Kwara ita ta fi yi masa amfani. Ashe fatarmu tana tsare littattafan wasu, na 'ya'yanmu kuwa suna lalacewa cikin jaka.

Kayan aiki suna gida

Ba a bukatar inji. Abin da za a tanada shi ne basilla ko ƙusa mai tsini, da allura babba, da zare mai ƙarfi, da ɗan kakin zuma, da tsohon kwali, da ƙyalle, da almakashi. Abin liƙi kuwa, ƙaro da aka jiƙa ya narke ya isa, ko sitacin rogo da aka dama ya yi kauri.

Ga yadda ake ɗinka littafin rubutu. A tattara takardun da ba a rubuta kome a kai ba, a daidaita su, a naɗe biyu tare da bangon. A huda rami 3 a kan layin naɗin. A goga wa zare kaki don kada ya tsinke. A sa allura ta ramin tsakiya daga ciki, a shigo ta na sama, a tsallake zuwa na ƙasa a fita, a komo ciki ta na tsakiya, a ƙulle bakin zaren biyu a kan dogon zaren. Shi ke nan.

Littafin karatu da ya warwatse kuma, a jera shafofinsa bisa ga lamba, a danne shi da katako, a huda rami 5 a gefen bayansa, a bar tazarar rabin faɗin yatsa daga baki. A ɗinke, a shafa ƙaro kaɗan a bayan, a liƙa ƙyalle wanda zai kama kwali biyu na bango. A ɗora dutse mai faɗi a kai ya kwana. Kada a cika abin liƙi, gama yawansa yana sa takarda ta yamutse, yana kuma kiran kyankyaso.

Aji na yaro da babba

Wannan sana'a da hannu ake koyonta, ba da ji ba. Shawararmu ita ce a yi ajin da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, ko a makaranta ko a inuwar itace. Kowa ya zo da littafinsa da ya lalace. Zama 4 sun isa a fara: na ɗaya naɗi da yanka, na biyu ɗinki, na uku bango, na huɗu kowa ya gyara nasa da kansa.

Kowa yana da wurinsa. Ƙananan yara su jera shafi su naɗe takarda, basilla da almakashi kuwa a bar wa manya. Mata da suka saba da allura su ne kan riga kowa iya ɗinkin, za su kuma iya yin nasu ajin a cikin gida. Wanda bai iya karatu ba kada ya ja da baya, jikansa ya karanta masa lambar shafi, shi kuma ya nuna wa jikan yadda ake jan zare. A gayyaci badukun gari ya nuna yadda ake fefe fata a liƙa a bayan littafi, a kuma biya shi ladansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ragowar takarda ma ba ta zama shara. Ana yin ambulan da ita don ajiye irin tumatir da kuɓewa da albasa, a rubuta suna da shekara a kai. Busasshen iri ya fi zama lafiya cikin takarda da cikin leda, domin leda tana riƙe laima. Da kwali kuma ana yin jakar ajiye takardar haihuwa da katin asibiti da takardun gona. Ƙungiyar manoma ko ta mata masu adashi za ta iya ɗinka littafin lissafinta. Sau da yawa rigimar kuɗi daga shafi ɗaya da ya faɗi take tasowa.

Gargaɗi

Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, yakan bushe ya bar tabo. In ƙarfen da aka maƙale littafi da shi ya yi tsatsa, a cire a sa zare. A ajiye littafi nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara, a sa busasshen ganyen dogon yaro kusa da shi.

Babban gargaɗi kuwa shi ne, in akwai tsohon littafin rubutun hannu na gado a gida, kada a huda shi, kada a shafa masa kome. A kaɗe ƙura a hankali, a naɗe shi cikin farin ƙyalle mai tsabta, a yi masa sabon tadarishi in tsohon ya mutu. Irin wannan in ya lalace ba a samunsa a kasuwa.

To, jama'a, kafin a koma makaranta, mu zazzage jakunkunan yara mu ga abin da ke ciki. Littafin da aka ɗinke bana, wa zai karanta shi, baɗi ƙane ya gada, kuɗin sabo kuma ya tafi wajen taki.