Ka koma wata jiha da zama? Ga inda harajinka zai tafi

Da yawa cikinmu tsadar fili ta sa suna zaune a wata jiha, gonar kaji ko tankin kifinsu na wata. Wasu kuma sun kwashe iyali sun koma kusa da gonar gaba ɗaya. To wace jiha ce ke da haƙƙin karɓar harajin ribar da ka samu?

A Najeriya harajin kuɗin shiga na mutum yana bin inda yake zaune ne, ba inda kajinsa suke ba, ba kuma jiharsa ta haihuwa ba. Ranar da ake dubawa ita ce 1 ga Janairu. Duk jihar da wannan rana ta same ka da mazauni a cikinta, ita ce ke da harajinka na wannan shekarar.

Misali, kana zaune a Kano, sai a watan Yuni ka koma Zariya don kiwon tarwaɗa. Harajin wannan shekarar na hukumar tara haraji ta Kano ne. Sai sabuwar shekara ta kama kana Zariya sannan ka koma hannun Kaduna. Haka wanda ke kwana a Abuja amma gonarsa na Keffi: hukumar harajin Abuja zai biya. In kuma kana da gida a jihohi biyu, ana ɗaukar wanda ya fi kusa da inda ka saba aiki.

Canjin jiha ba ya ƙara ko rage abin da za ka biya, don doka ɗaya ce ta tarayya. A sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Kuma riba ake lissafawa, wato bayan an cire kuɗin abinci, 'yan tsaki, magani da ladan ma'aikata. Wanda bai ajiye rasit ba shi ake yi wa ƙiyasi, ƙiyasi kuwa ba kasafai yake yi wa mai kiwo daɗi ba.

Abu uku a kula da su:

1. Rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC ba ta mayar da kai kamfani ba, harajinka na jihar da kake zaune ne. Cikakken kamfani shi ke biyan harajin ribarsa ga tarayya.

2. Harajin albashin ma'aikacinka na jihar da shi ma'aikacin yake zaune ne.

3. Kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen wurin sana'a suna nan a jihar da gonar take.

Inda ake shan wahala shi ne wajen neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ake nema wurin rancen gwamnati ko takardar mallakar fili. Tana nuna shekaru uku da suka wuce, don haka in ka taso ka bar bashi a baya, zai tare ka a gaba.

Kafin ka ɗaure kaya, ka je ofishin haraji ka kammala da su, ka riƙe rasit ɗinka. In ka sauka, ka yi rajista a sabuwar jihar, ka miƙa bayanan kuɗin shigarka kafin 31 ga Maris. Allah ya sa albarka a kiwo.