Zaɓen Gidan Abinci a Birnin Kano: Jagora ga Matafiyan Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Zirga-zirga tsakanin ƙasar Gaya da birnin Kano daɗaɗɗiya ce, domin tarihin baka ya nuna cewa daga Gaya Abagayawa suka tashi neman tama har suka zauna a gindin Dala. A da, matafiyi kan riƙe guzurinsa na fura ko ƙuli-ƙuli, in ya isa birni kuwa mai masauki ya ciyar da shi, gama ana ganin cin abinci a bainar jama'a zubar da girma ne ga magidanci. Yanzu mutumin Gaya ko Ajingi kan yi sammako ya bi ta Wudil da Mariri, ya wuni a Kantin Kwari ko asibiti, ya komo gida da daddare. Tilas ya sayi abin da zai ci, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan maƙala za ta bayyana alamomin da zai lura da su.

Ire-iren wuraren

Wuraren sayar da abinci a Kano sun kasu uku. Akwai masu tuwo-tuwo da ɗanwake da waina a bakin tasha da kasuwa. Akwai masu sana'a guda da unguwa ta shahara da ita, kamar gurasar Jakara da kilishin Agadasawa. Sa'an nan akwai manyan gidajen abinci masu tebur da kujeru, inda akan sami girkin Larabawa da na Indiya da na Sin.

Alamomin wuri nagari

Alama ta farko ita ce masu ciniki. Wurin da direbobi da 'yan dako da 'yan kasuwar gefen suke cika shi kullum, tukunyarsa ba ta kwana, watau abin da aka dafa yau shi ake ci yau. Wurin da ya zama fayau a lokacin cin abinci kuwa abin tuhuma ne, ko da an ƙawata shi da fitilu.

Ta biyu ita ce zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi mutane kada su bar dafaffen abinci a sarari fiye da awa 2, domin a ɗumi-ɗumi ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Saboda haka tuwon da aka kwasa yana tururi ya fi shinkafar da ta huce tun hantsi aminci. Haka nan tsire, a sa mai shi ya mayar da shi bakin wuta kafin ya yanka.

Ta uku ita ce ruwa, kuma nan ne akasari ake yin sakaci. Lalle ne baƙo ya dubi bahon wanke-wanke tun kafin ya dubi tukunya. In ruwa guda ne ake ta tsoma kwanuka cikinsa har ya yi kauri, to, a yi gaba. Ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukar taifot da kwalara, annobar da ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma ta fi tashi da damina. Kwaɗon ɗanyen ganye da zoɓon da ba a san ruwansa ba sun fi dafaffen abinci haɗari.

Ta huɗu ita ce nama da mai. A tabbata yankan mahauta ne sanannu. Man da ya yi baƙi don yawan suya, da miyar da aka cika wa yaji don a ɓoye tsami, duk hanci da harshe za su gane su.

Ta ƙarshe ita ce farashi. A ji kuɗin kwano kafin a zauna, musamman a manyan gidaje, don kada kuɗin mota ya tafi a faranti guda. Amma kuma araha ba ta ado.

Baƙon girki

Wanda ya ga sunan abincin da bai sani ba, sai ya tambayi abin da aka haɗa shi da shi, gama matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa baƙuntar a suna kawai take. Alal misali, ginshiƙin girkin mutanen Meksiko shi ne masara da wake da barkono da tumatir. Hasali ma daga can da maƙwabtansu masara da barkono da tumatir suka bazu cikin duniya bayan 1492, har suka iso gonakin ƙasar Hausa.

Kammalawa

Wanda ya kiyaye waɗannan alamomi ya tsare lafiyarsa da aljihunsa. Kuɗin kwano guda kaɗan ne, amma jinyar gudawa tana iya kwantar da manomi mako guda a tsakiyar noma. Rigakafi dai ya fi magani.