Yadda Ake Horar da Dawakin Daji a Amurka

A yammacin Amurka akwai garkunan dawakin da ba su san linzami ba. Dokar 1971 ta hana kashe su. Idan sun yi yawa, hukuma kan kama wasu ta ba masu son riƙo.

Tsoro halittar doki ce, domin kakanninsa abin farauta ne. Idanunsa na gefen kai, ba ya ganin bayan wutsiyarsa. Mai ɓullo masa ta nan kan sha harbi. Saboda haka mai horo kan matso ta wajen kafaɗa, da zarar dokin ya natsu sai ya ja baya. Wannan sassauci ne ladan da dokin ke tunawa. Daga nan sai ragama, sai sirdi, sannan hawa ko jan keke. Mai gaggawa kuwa, tsoro kawai yake ƙara masa.