Ruwa a Ƙananan Asibitocin Daura: Sadakar da Muke Mantawa

Tarihin baka na Daura da rijiya ya fara. Masu ba da labarin Kusugu sun ce macijiya ta hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe ta. Kakanninmu sun daɗe da sanin cewa gari ba ya zaunuwa sai da ruwa.

A yau attajiranmu suna rige-rigen haƙa rijiyar burtsatse a masallatai, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai kaɗan ne ke tuna asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, inda matanmu ke haihuwa. Daga Daura zuwa Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, waɗannan ƙananan asibitoci su ne matakin farko ga talaka.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna cewa rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu. Idan ungozoma ta karɓi haihuwa babu ruwa da sabulu, ƙwayoyin cuta na iya shiga jikin mai jego ko cibiyar jariri. Asibitin da ba shi da makewayi mai tsafta kuwa yakan zama wurin yaɗa amai da gudawa, cutar da ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya a 2021, kuma Katsina na cikin jihohin da ta fi shafa.

Ɗalibanmu sun san Ahalari da Ishmawi sun gabatar da tsarki kafin salla. Sun kuma san Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi, kuma Sa'ad ɗan Ubada ya yi wa mahaifiyarsa sadakar ruwa bayan rasuwarta bisa shiryarwar Manzon Allah (SAW).

Nauyin farko na gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ne, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye su. Amma kwamitin kowane masallacin Juma'a zai iya ziyartar asibitin mazaɓarsa ya duba famfo, makewayin mata da sabulu. Mai niyyar waƙafi ya ware kuɗin gyara tun farko, domin ladan sadaka mai gudana yana tare da gudanar ruwan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya.