Yadda Ake Kafa Kanta a Bangon Bulo

A garin Bena da ke Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, magidanta da masu shaguna sukan kafa kanta a bango don ajiye kaya. Kanta tana nisanta magani da kananzir daga hannun yara. Amma idan ta faɗo, tana iya raunata yaron da ke ƙasa.

Ƙarfin kanta yana cikin bango ne. Bulo yana da kogo a ciki, shi ya sa ƙusa kaɗai ba ta riƙe nauyi. Rodi da siminti su ne maganin wannan.

A yanko rodi mai tsawon inci 12. A ja miƙaƙƙen layi a bango, a huda ramuka 2, tsakaninsu ƙafa 2. Kada a huda kusa da wayar lantarki. A kwaɓa siminti awo 1 da yashi awo 3. A jiƙa ramin, a cika kogon tam, sannan a tura rodin inci 5 ciki. Bakinsa na waje ya ɗan ɗaga sama kaɗan.

A riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. Daga nan kafinta ya huda gefen katako mai kaurin inci 2, a zura shi a rodin. A ɗora kwano da ruwa a kai. Idan ruwan bai karkata ba, kanta ta daidaita.

A bangon ƙasa kuwa, kaya marasa nauyi kawai za a ɗora. Rigakafi ya fi magani.