Kukan da ba na haƙori ba

A Madobi da garuruwan da ke shan ruwan Tiga ta magudanan Kura da Bunkure, rani ba lokacin hutu ba ne. Tun sassafe maza na cikin tumatir da alkama, gida sai mata da goyo. A irin wannan hantsi ne ɗan wata bakwai zai tsandara ihu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, can kuma ya yi lamo kamar ba shi ba. Jim kaɗan ya sake.

Kaka za ta ce haƙori ne. In kashi ya zo da jini da majina, a ce atuni, a tura yaro kemis. Ban ga laifinsu ba: inda ake wanka da wanki a bakin kanal, gudawa ba baƙuwa ba ce. Amma wani lokacin hanji ne ya zurma cikin na gaba da shi, ya shaƙe, jini ya daina isa gare shi. 'Yan wata uku zuwa shekara uku wannan ciwo ya fi kamawa, kuma koren amai alama ce ta toshewa.

Ma'aikaciyar asibitin unguwa da ta san aikinta takan lallatsa cikin, ta ji wani dogon ƙullutu, ta ce: "Baba, kada ku kwana, ku wuce Kano a yi sikanin." Nan ake fara lissafi: kuɗin mota, kwandunan da ba a sayar ba, wa zai kula da ban-ruwa.

A babban asibiti irin na Malam Aminu Kano, mai hoto zai shafa wa cikin wani mai sanyi, ya ɗora kan na'urar. Hanjin yakan fito a allo zobe cikin zobe, kamar albasar da aka yanka a tsakiya. In an zo da wuri, ba lallai a kai ga wuƙa ba. Ruwan gishiri mai ɗumi ake turawa ta dubura, ana kallo a allon har hanjin ya koma mazauninsa. Tun 1876 wani likitan Denmark, Hirschsprung, ya nuna matsin ruwa na warware shi.

In kuwa an ɓata kwana biyu ko uku ana jiƙe-jiƙe, hanjin na iya ruɓewa. Sai tiyata, a yanke abin da ya mutu, uwa ta tare a gefen gado, tumatir na can yana nuna.